Madubin hangen nesa: abin da lambobin jikinsa ke nufi

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gaban mai sayar da madubin hangen nesa mai ido biyu, ya ga wasu lambobi biyu rubuce a jikin kowane ɗaya: 8x42, ko 10x50, ko 7x35, wani lokaci har 60x60.

Akasarin masu saye kan ɗauka cewa wanda lambarsa ta fi girma shi ne ya fi kyau, kuma a nan ne da dama daga cikinsu kan yi asarar kuɗinsu. Madubin da ya fi jawo abu kusa sau da yawa shi ne ya fi duhu, ya fi rawa a hannu, kuma ya fi wuyar gano abin da ake nema da shi.

Lamba ta farko

Lambar da ke gaban alamar "x" ita ce ke nuna yawan ninkin da madubin ke yi wa abin da ake kallo. Idan an rubuta 8, to tsuntsun da ke nisan mita 80 zai bayyana tamkar yana nisan mita 10. Idan 10 ce, zai zama kamar yana nisan mita 8.

Bambancin ke nan, mita biyu kacal. To sai dai abin da ake biya domin samun waɗannan mita biyu ba kaɗan ba ne.

Madubi ba ya bambanta abin da ake son gani da motsin hannun mai riƙe da shi. Duk yadda ya ninka girman tsuntsu, haka yake ninka karkarwar hannu, da numfashi, har ma da bugun zuciya. Mutum mai ƙoshin lafiya kan iya riƙe mai ninki 7 ko 8 na tsawon lokaci ba tare da hoton ya dame shi ba. Mai ninki 10 shi ne kusan iyakar abin da galibin mutane ke iya tsayarwa. Daga 12 zuwa sama kuwa sai an ɗora shi a kan mazauni mai ƙafa uku, ko a jingina da katanga, in ba haka ba abin da aka samu na girma sai rawa ta cinye shi.

A ƙasashe masu zafi akwai ƙarin wata matsala. Da rana tsaka iskar da ke tashi daga ƙasa mai zafi kan sa abin da ke nesa ya riƙa rawa, abin da Hausawa ke kira kawalwalniya. A lokacin hunturu kuma hazo kan rufe sararin sama. Babu madubin da ke ratsa waɗannan. Mai babban ninki ƙara girmansu kawai yake yi.

Lamba ta biyu

Lambar da ke bayan alamar tana nuna faɗin gilashin gaba, wato wanda ke fuskantar abin da ake kallo, a ma'aunin milimita. Aikin wannan gilashi shi ne tara haske, kamar yadda baki mai faɗi ke tara ruwan sama. Gilashi mai milimita 50 yana tara haske ninki huɗu na wanda mai milimita 25 ke tarawa, ko da yake faɗinsa ninki biyu ne kawai.

Idan aka raba lamba ta biyu da ta farko, za a samu wata lamba ta uku wadda ba a cika rubutawa ba, alhali ita ce ta fi bayyana halin madubin. Ita ce faɗin ɗigon hasken da ke fitowa ta wurin sa ido. Ana iya ganin ɗigon ƙarara idan aka miƙa hannu da madubin, aka fuskantar da shi wajen haske, aka dubi gilasan ido daga ɗan nesa.

A madubi mai 8x42 faɗin ɗigon ya ɗan haura milimita 5. A 10x50 milimita 5 ne daidai, a 8x32 milimita 4, a 7x50 kimanin milimita 7, a 10x25 kuwa milimita 2 da rabi kacal.

Muhimmancin wannan ya danganta ne da idon ɗan Adam. Baƙin ɗigon da ke tsakiyar ido, wanda haske ke shiga ta cikinsa, yakan tsuke da rana zuwa milimita 2 ko 3, kana ya buɗe cikin duhu har ya kai kimanin milimita 7 ga matashi. Saboda haka da rana tsaka ƙaramin madubi mai 10x25 zai yi haske kusan daidai da babba, domin idon ba ya karɓar fiye da haka. Amma da asuba ko da almuru, lokacin da namun daji ke fitowa shan ruwa, ƙaramin zai yi duhu tun babban yana nuna komai sarai.

Shekaru ma suna da nasu tasirin. Yayin da mutum ke manyanta, idonsa kan daina buɗewa sosai, ta yadda a wajen dattijo mai shekara sittin da wuya ya wuce milimita 5. Irin wannan mutum idan ya sayi 7x50, wani kaso na hasken a gefen idonsa yake zubewa, ya ɗauki nauyin gilashin da ba ya cin moriyarsa gaba ɗaya. Abin da zai rage masa shi ne sauƙin daidaita ido, domin ɗigo mai faɗi ba ya ɓacewa idan hannu ya ɗan gusa. Wannan ne dalilin da ya sa ma'aikatan jiragen ruwa suka daɗe da riƙe 7x50: jirgi na tangaɗi, amma hoton na nan.

Faɗin filin da ake gani

Akwai kuma wata lamba da akan rubuta da ƙananan baƙaƙe, alal misali 131m/1000m, ko kuma 7.5°. Ma'anarta ita ce daga nisan mita dubu, mai kallo zai ga fili mai faɗin mita 131. Kowane digiri ɗaya daidai yake da kimanin mita 17 da rabi. Kamfanonin da ke sayarwa a Amurka kan rubuta shi da ƙafa a kan yadi dubu, kuma idan aka raba wannan adadi gida uku za a samu mitocin.

A ƙa'ida, duk yadda ninki ya ƙaru, fili kan ragu. Ga mai kallon abin da ke tsaye wuri ɗaya wannan ba damuwa ba ce. Ga mai bin tsuntsu a cikin reshe, ko ƙwallo a fili, ko mahaya a ranar hawan sallah, fili mai faɗi ya fi ninki amfani, domin kafin mai ƙunƙuntaccen madubi ya gano inda dokin yake, an riga an kai jafi an juyo.

Daga Middelburg zuwa Jena

A watan Oktoba na 1608 ne wani mai yin tabarau a garin Middelburg na ƙasar Holland, Hans Lipperhey, ya nemi hukumomin ƙasarsa su ba shi izinin mallakar wata na'ura da ke kusanto da abin da ke nesa. Hukumomin sun buƙaci ya ƙera wadda za a kalla da ido biyu, ya kuwa ƙera kafin ƙarshen shekarar, amma duk da haka aka hana shi izinin bisa dalilin cewa wasu ma sun san fasahar.

An shafe fiye da shekaru ɗari biyu kafin a warware babbar matsalar. Gilasan da ke ba da ninki mai yawa suna nuna abu ne a kife, sama a ƙasa, kuma bututun kan yi tsawo. A 1854 wani ɗan ƙasar Italiya, Ignazio Porro, ya yi rajistar dabarar sanya wasu dunƙulallun gilasai masu kusurwa, da ake kira firizim, waɗanda ke miƙar da hoton kuma su naɗe hanyar hasken a cikin ɗan gajeren gida. Kamfanin Carl Zeiss na garin Jena a Jamus, ƙarƙashin jagorancin masanin kimiyya Ernst Abbe, shi ne ya fara sayar da irin wannan madubi mai inganci a 1894.

Har yanzu ana ƙera samfurin na Porro, kuma ana gane shi da faɗin kafaɗa, domin gilasan gaba sun fi na ido nisa da juna. Ɗaya samfurin, mai miƙaƙƙun bututu biyu, yana amfani ne da firizim mai siffar jinka. Ya fi ƙanƙanta, ya fi sauƙin toshewa daga ruwa da ƙura, kuma shi ne ya mamaye kasuwa a yanzu. Amma ƙera shi da kyau na da wuya da tsada, kuma sai da kamfanin Zeiss ya fito da wani shafe na musamman a 1988 hotonsa ya kamo na Porro wajen kaifi.

Abin da wannan ke nufi ga mai ƙaramin ƙarfi a bayyane yake. Idan kuɗin kaɗan ne, samfurin Porro, duk da kamanninsa na tsohon yayi, yawanci ya fi mai miƙaƙƙen bututu na farashi ɗaya nuna abu garau.

Gilashi da shafensa

Gilashin da ba a shafa masa komai ba yakan mayar da kimanin kashi 4 cikin ɗari na hasken da ya faɗa a kowace fuskarsa. Da yake a cikin madubi akwai irin waɗannan fuskoki goma ko fiye, tsofaffin madubai kan yi asarar kusan rabin hasken kafin ya kai ga ido. A 1935 wani masani ɗan asalin Yukren da ke aiki a Zeiss, Alexander Smakula, ya samo hanyar shafa wa gilashi wani siririn sinadari da ke rage wannan asara, dabarar da Jamus ta ɓoye a matsayin sirrin soja na wasu shekaru. Mafiya inganci a yau suna isar da fiye da kashi 90 cikin ɗari na hasken.

Don haka madubai biyu masu lamba ɗaya, 8x42, na iya bambanta kamar dare da rana. Wanda aka yi wa shafe hawa-hawa a dukkan fuskokin gilasansa shi ne abin nema. Idan aka dubi gilashin gabansa, ba a ganin fuska sosai a ciki, sai ɗan ƙyalli mai duhu, kore ko shunayya. Wanda kuwa gilashinsa ke walƙiya ja wur ko ruwan lemo, wanda akan tallata da cewa yana gani da dare, abin gudu ne. Jan shafen rage haske yake yi, kuma yakan sauya launin abin da ake kallo. Madubi na gilashi zalla ba ya gani a cikin baƙin duhu. Na'urorin da ke yin haka masu aiki da lantarki ne, kuma wani fanni ne dabam.

Haka zalika akwai haruffan da ke nuna nau'in gilashin firizim, BaK-4 ko BK-7. A samfurin Porro, na farkon kan ba da ɗigon haske zagayayye tas, na biyun kuma ɗigo mai dusassun gefuna huɗu, alamar cewa wani haske na salwanta.

Sauran abubuwan da ya kamata a yi hattara da su su ne madubai masu sauya ninki, irin su 10-30x50, waɗanda filinsu ƙunƙuntacce ne kuma saitinsu ke saurin gocewa, da kuma ƙananan madubai masu araha da aka rubuta wa 60x60 ko 80x80. Awo da ɗan rula ya isa ya tona asirinsu, domin gilashin da aka ce milimita 60 ne akan tarar bai kai 40 ba.

Dangane da farashi, manyan samfuran kamfanonin Zeiss da Leica na Jamus, da Swarovski na Ostiriya, kan haura dalar Amurka 2,000. Amma ingancin masu matsakaicin farashi, waɗanda akasari a China da Japan ake ƙera su, ya ƙaru matuƙa, ta yadda mai dala ɗari biyu ko uku na iya samun abin da zai yi masa aiki shekara da shekaru.

Kowane aiki da nasa

Masu kallon tsuntsaye a sassan duniya sun fi karkata ga 8x42, wanda nauyinsa kan kama daga giram 600 zuwa 800. Yana da haske da asuba, yana da fili, kuma ba ya rawa. A wurare masu buɗaɗɗen fili kamar dausayin Haɗeja zuwa Nguru, inda tsuntsayen Turai ke zuwa cin rani suna cuɗanya da dinya da kirinjijiya da zalɓe, tsuntsu kan tsaya nesa a tsakiyar ruwa, saboda haka 10x42 na da nasa amfanin ga mai tsayayyen hannu.

Ga mai ziyarar gandun daji na Yankari a jihar Bauchi, ko raƙuman dawa na yankin Kure da ke kusa da Yamai, 8x32 ko 8x42 ya wadatar, tun da dabbobin manya ne kuma sau da yawa daga cikin mota ake kallonsu. Mai doguwar tafiya a ƙasa, ko mai zuwa kallon ƙwallo da rana, zai fi jin daɗin 8x25 mai shiga aljihu. Madubin da ya yi nauyi a gida akan bar shi.

Masu sa tabarau na da wani ƙarin sharaɗi. Kowane madubi na da tazarar da ido zai tsaya daga gilashi ya ga dukkan filin. Tabarau na nisanta ido, saboda haka mai shi na buƙatar tazarar da ta kai milimita 15 ko 16, tare da bakin roba da ake murɗawa ko naɗewa ƙasa. In ba haka ba, zai riƙa gani kamar mai leƙe ta kafar makulli.

Duban wata da taurari

A ƙasashen Musulmi, lokacin da aka fi tunawa da madubin hangen nesa shi ne yammacin 29 ga watan Sha'aban ko na Ramadan. A Najeriya fadar Sarkin Musulmi da ke Sakkwato ce ke sanar da ganin wata bayan tattara rahotanni daga sassan ƙasar. Matsayin ganin da aka yi da na'ura a shari'a magana ce ta malamai, amma ta fuskar kimiyya an san abin da madubi ke iya yi da wanda ba ya iyawa.

Jinjirin wata na daren farko siriri ne ƙwarai, yana can ƙasa-ƙasa a yamma kusa da inda rana ta faɗi, a cikin sararin da bai gama yin duhu ba, kuma shi ma ba ya daɗewa yake faɗuwa. Wahalar ba ta ƙanƙantarsa ba ce, domin faɗin wata a sama kusan rabin digiri ne, wanda ido ke iya gani. Wahalar ita ce rashin haskensa da kuma rashin sanin daidai inda yake. Shi ya sa 7x50 ko 10x50 suka fi dacewa: suna tara haske, kuma fili mai digiri 7 zai ɗauki wata goma sha huɗu a jere, abin da ke ba da damar share gefen sama sannu a hankali.

Masu ƙwarewa kan daidaita kaifin madubin tun da wuri a kan wani abu mai nisa sosai, ko a kan tauraruwa Zara idan ta fito, domin siririn wata ba ya bayyana a madubin da saitinsa ya ɗan kauce. A watan Satumba na 2002 wani ɗan ƙasar Iran, Mohsen Mirsaeed, ya ga jinjirin wata awa 11 da minti 40 kacal bayan haɗuwarsa da rana, ta hanyar amfani da ƙaton madubi mai 40x150. Da ido zalla kuwa, mafi ƙanƙantar da aka tabbatar ya kai kimanin awa 15 da rabi. Idan kuma wata bai nisanci rana da kimanin digiri 7 ba, ba a ganin sa da ido ko da ta cikin madubi ne.

A nan ne kuma haɗari mafi girma yake. Gilashin da ke tara hasken wata shi ne ke tara na rana, kuma kallon rana ta cikinsa ko da na ƙiftawar ido ne na iya ƙona bayan ido ya bar tabo na dindindin. Ba a fara neman wata da madubi sai rana ta faɗi gaba ɗaya, kuma ba a barin sa a hannun yara da rana ba tare da babba a kusa ba.

Idan dare ya yi, madubin mai 10x50 da aka jingina da kyau yana nuna ramukan da ke jikin wata, da manyan watanni huɗu na duniyar Jufita, kuma taurarin Kaza da 'Ya'yanta, waɗanda ido ke ƙirga shida ko bakwai, sai su zama gommai. A watan Janairu na 1996 wani ɗan Japan mai sha'awar taurari, Yuji Hyakutake, ya gano tauraruwa mai wutsiya da aka sa wa sunansa da madubi mai 25x150.

Gwaji kafin biya

A yankin da ke da ƙurar hunturu da laimar damina, madubin da aka toshe da zoben roba aka cika shi da iskar naitirojin ko agon ya cancanci ƙarin kuɗinsa. Ruwa ba ya shigarsa, ƙura ba ta shigarsa, kuma gilasan ciki ba sa yin gumi ko funfuna. Wanda ba a toshe ba, ƙurar da ta shige shi sai an kwance shi kafin ta fita.

Ana samun tsofaffin madubai na hannu masu kyau, musamman 8x30 da aka ƙera a tsohuwar Tarayyar Sobiyet da Jamus ta Gabas, amma ko sabo ne ko na hannu, akwai gwajin da bai kamata a tsallake ba. Ana juya shi a leƙa ta gilashin gaba a wajen haske domin a ga ko akwai ƙura, ko tsagewa, ko zaren funfuna. Ana murza ƙafar saiti a ji ko tana tafiya sumul.

Mafi muhimmanci shi ne a tabbatar bututun biyu wuri ɗaya suke kallo. Faɗuwa ɗaya ta isa ta gusar da firizim, kuma idan gocewar kaɗan ce ido kan yi ƙoƙarin haɗa hotunan biyu da kansa, mai shi bai sani ba sai ciwon kai ya biyo baya. Hanyar ganewa ita ce a kalli wani miƙaƙƙen layi mai nisa, kamar wayar lantarki ko bakin rufin gini, sa'an nan a janye madubin daga fuska sannu a hankali ana ci gaba da kallo. Idan layin da ke ɓangaren dama ya fi na hagu tudu, madubin ya goce, kuma gyaransa sau da yawa ya fi kuɗinsa.

Da yawa daga cikin waɗanda ke kukan madubinsu ba ya nuna abu garau ba su daidaita shi da idanunsu ba ne. Ana fara lanƙwasa shi a tsakiya har hotunan biyu su zama da'ira ɗaya. Sai a rufe gilashin gaba na dama, a murza ƙafar tsakiya har idon hagu ya ga abu tar. Daga nan a rufe na hagu, a murza ɗan zoben da ke jikin gilashin idon dama, ba tare da taɓa ƙafar tsakiya ba, har shi ma ya gani tar. Sau ɗaya ake yin wannan, sai fa idan wani ya ara.

Wajen tsafta, gefen riga ko bakin rawani su ne suka fi lalata gilashi, domin ƙurar da ke kai yashi ce, kuma gogawa na kankare shafen. Ana fara kakkaɓe ta da ɗan burushi mai laushi ko a hure ta, kafin a sa ƙyalle na musamman. Ba a kuma barin madubi a cikin rufaffiyar mota da rana, saboda zafi na narkar da man da ke cikin ƙafar saiti.

A wuraren da ake fama da matsalar tsaro kuwa, ɗaga madubi a kusa da barikin soja, ko filin jirgin sama, ko shingen bincike, ko kan iyakar ƙasa, na iya jawo wa mutum tambayoyin da bai shirya musu ba. Masu kallon tsuntsaye da ke shiga ƙauyuka kan fara gaida mai gari su nuna masa abin da ke rataye a wuyansu kafin su nufi bakin fadama.